Geron da ya ƙi bin taga

Zuwa ga mijina na Abijan, Shamsuddin.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sharrin bariki, ya sa albarka ga nemanka. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, an yi shibka, ƙafar ubanka ta yi sauƙi har shina zuwa gona. Ni kuwa tsohuwar matarka da ka yasar, wani haƙorin ya sake faɗuwa. Ka yi sauri ka zo ka ga sauran kyawona, kada ka iske wani ya riga ka.

Na san ranka ya ɓaci da ka ji na hana Barmo magini ci gaba da aikin gidanka a tudun bayan gari, gidan da ka ce har da ɗakina mai taga biyu. In ka kira a salula, kafin in gyara murya ka ce kiredi ya ƙare, shi ya sa na ɗauki biro da hannuna na karatun manya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka kai ƙarshe kafin ka yi mini fushi. Ka tuna dai yadda kake mini dariya in mun biyo ta tudun nan za mu gona, in tuɓe takalmi in riƙe a hannu, ka ce rowa ce, ba ni so su ƙare. Ni ma ban san dalili ba. Haka na ga kakata tana yi, haka uwata, in yaro ya tambaya a ce ya rufe baki ya wuce.

To, ka san bana anka turo ƙanwarka Mariyatu koyarwa a kolejin garinmu. Abin da take koyarwa suna ce mishi esbete, wato karatun halittu da na ƙasa. Lakkwal ɗin, wato makarantar, ba ta da kayan aiki ko ɗaya sai tabulo, allon bango, don haka madam Mariyatu ta mai da madafata kantin kyauta. Gwangwanayen tumatir, tsohuwar rariya, har wuƙata. Ranar kasuwa ta karɓo huhun akuya wurin mahauci, ta sa bututu ta hura shi gaban ɗiyan mutane, ya kumbura kamar mai rai, ƴan mata sunka yi waje da gudu. Na ce mata in wannan ne aikin gwamnati, ni ma a ba ni albashi, na fi ta iya fiɗa.

Farkon shekarar karatu, lokacin ana cikin girbi, ta ce kowane rukuni ya kawo ƙasa iri dabam a shibka gero a gwangwani. Wasu sunka kawo yashin korama, wasu laka, wasu jar ƙasa. Ita da kanta ta ɗebo ta tudunka, don ta ce tana son ta ga irin ƙasar da yayanta zai zauna a kai. Da takalminta a ƙafa ta hau. Anka jera gwangwanaye kusa da taga, don ta nuna musu cewa duk tsiro haske yake bi. Gero ya fito, kowane ya karkata wajen taga kamar yadda ta faɗa, sai guda. Na tudunka ya ba taga baya, ya sunkuyar da kai wajen bango, inda ba kome sai duhu.

Ta juya gwangwanin. Washegari ya koma. Ta sake juyawa, ya sake komawa. Ta hau tebur ta duba kwanon rufi ko akwai huda, babu. Ta kife su duka da kwali mai ƙofa guda, sauran sunka leƙo ta ƙofar, shi kuwa ya je ya dafa kansa a kusurwa. Da hutu ya zo ta kawo shi gida ta ajiye a tsakar gida, inda rana ke dukan kowa daidai. Ina zaune da hantsi ina tankaɗe, na ɗaga kai na bi inda ganyen ke nunawa da ido, ya tsallake danga, ya tsallake rumbunan maƙwabta, ya sauka a tudu. Na tambaye ta bangon nan na kilas, wato ajinsu, wane gefe yake. Ta ce in daina ba ta tatsuniya da rana. Ni ban ba ta tatsuniya ba, Shamsuddin, ita ta ba kanta.

Sanyi ya shigo, sauran geron duk ya bushe, shi yana nan shar. Zafi ya zo, wanda ke gasa ƙwai a kan dutse, yana nan, bai ƙaru ba bai ragu ba, tsawonsa kamu guda. Akuyata mai jan wuya, wadda ka sani har sabulu take ci, ta zo ta shinshina shi ta ja da baya. Da anka mai da shi kilas, ɗalibai sunka bar bencin da ke tsakaninsa da bango, ba wanda ya ce su tashi, sai dai su matsu huɗu huɗu a wancan gefe. Amma in yaba ƙanwarka: ba ta jefar da shi ba, ba ta kuma yi musu ƙarya ba. Ta tsaya gabansu ta ce ba ta sani ba, kuma wanda bai iya faɗin haka ba bai fara karatu ba. Ta sa su zana shi kowane mako, su rubuta abin da idonsu ya gani kawai.

Tsakiyar shekara sunka shiga karatun ƙasusuwa. Ta aro hoton mutum ba nama daga gidan likita ta rataye, suna taɓa jikinsu suna rera sunayen da Faransanci, femir, tibiya, kilabikil, har mu da ke bakin rijiya mun haddace. Na riƙa tsokanarta da cewa kilabikil ɗina na ciwo, ta ba ni magani.

Sai ga shi ka kira Barmo ka ce ya fara haƙa kafin ruwa. Mariyatu ta ji daɗi, ta ce rami ya samu kyauta, za ta kai ɗalibanta su ga yadda ƙasa ke hawa hawa. Na bi su da takalmina a hannu, don ka san ba a yin taro ba ni. Hantsi ne, rana tarwai, ko ganye ba ya motsi. Suna tsaye a bakin rami tana nuna musu baƙar ƙasa a sama, ja a ƙasa, sai Barmo ya ajiye digarsa ya fito daga ramin. Wata yarinya ta nuna da yatsa, ta ce femir, a hankali. Na kusa da ita ya ce tibiya. Daga nan sai duk kilas ɗin ya ɗauka da murya guda, irin ta cikin lakkwal, suna bi daga ƙafa suna hawa, kamar bakinsu ne ke yi ba su ba, har sunka kai ga kai. Ƙasusuwan mutum ne a cikin ramin, yana kwance a gefen dama, fuska gabas, yadda za a kwantar da ni da kai. Kusa da shi ga wani, ga kuma wani ɗan ƙarami a jikinsa. Na ga Mariyatu ta sunkuya ta tuɓe takalminta. Ɗiyan nan duka sunka tuɓe nasu.

Anka kira Liman Aƙilu, wanda ya girme ni. Ya ce ya taɓa jin tsofaffi na cewa zamanin da kakanninmu ke ƙarƙashin iyayengiji na arewa, akwai inda suke binne nasu a ɓoye, ba dutse ba alama, amma ba a taɓa nuna mishi wurin ba. Ka gani, maganar ta ɓace a hanya, takalmin kaɗai ya iso gare mu. Namu ne, Shamsuddin. Wataƙila uwar kakata tana cikinsu, wataƙila a daidai inda ka auna ɗakina. Anka mai da ƙasa, anka yi musu addu'a, maza sunka kewaye wurin da ƙaya. Ɗalibai sun yi jarrabawar birbe ta gama koleji, kuma na rantse in an tambayi ƙashi ba wanda zai faɗi. Ranar da anka rufe lakkwal Mariyatu ta kai geron can, ta juye ƙasar inda ta ɗebo ta, ta dasa shi.

Abin da nake roƙonka ke nan: ka bar musu tudunsu. Kada wani ya ce maka a kwashe su a kai wani wuri, sun sha kora tun suna raye. Ubanka ya yarda ya ba ka tsohuwar garka, lambun nan na kusa da rijiya, simintinka na nan a ɗaki ba abin da ya same shi, Barmo na jiran kalmarka.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe su. Geron ya fid da ƴar zangarniya, kuma ya daina sunkuyo ƙasa, yanzu gidanmu yake kallo. Mariyatu ta ce iska ce. Na ce to. Na zagaya ta arewa, inda iska ba ta bi, na tsaya na rufe ido na yi addu'ata. Da na shafa na buɗe ido, ba sai na gaya maka wa yake kallo ba. Ban ji tsoro ba, na dai ce musu su yi haƙuri, mijina bai dawo ba tukun. Don haka ɗakin da ka yi mini alkawari yana nan a tudun, na riga na gaya wa Liman can za a kwantar da ni. Wannan ɗakin ba ya son siminti, ba ya son taga.

Ka gaishe mini da kawunka Nuhu da matarsa Sa'ida, da Usama mai raba ɗaki da kai, ka ce na ji shi ke maka tuwo, Allah ya biya shi. Ubanka da innarka da Mariyatu suna gaishe ka. Ka zo lokacin kaka, ka zo da takalmi mai sauƙin tuɓewa.

Taka har ka samu wadda ta fi ni,
kakarka Hajo.