Ƙashin Wuyan Jitarka, Bitrus

Zuwa ga maigidana Bitrus, Baban Talatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, da fatan kana hutawa lafiya inda kake. Mu nan Trikania muna nan yadda ka bar mu. Na roƙi Fasto a karanta wannan takarda ranar sujadar tunawa da kai, domin akwai waɗanda nake so su ji, kuma na san a bencin gaba za su zauna.

Bayan gaisuwa, Bitrus, ina fushi da kai. Wata huɗu ke nan kowa na ce mini ba a fushi da mamaci. To ni ina yi.

Tun kafin Ista ciwon nan ke cinka. Ka dawo daga masaƙa kana dafe ciki, in na yi magana ka ce, "Rifkatu, wake ne, ke ma kin san halin wakenki." Ranar da na ce mu je asibiti, sai ka ɗauko jita ka ɗora a cinya. Wai ɗan farin ƙashin nan na saman wuyanta, wanda wayoyi shida ke kwanciya a kai, ya tsage. Wai sai ka sake shi kafin soja su miƙa mulki, don mawaƙan ikilisiya za su yi waƙar godiya. Ka kwance wayoyi, ka ƙwanƙwashe ƙashin, ka jefa shi cikin gwangwanin madara. Ka samu lokacin jita, ba ka samu lokacin cikinka ba. Soja sun sauka, farar hula sun hau, an yi waƙar godiya kana ƙasa.

Yanzu bari ka ji aikin danginka. Da aka gama zaman makoki, yayanka Ishaku ya zo daga Gonin Gora rabon kaya. Tun da Allah bai ba mu namiji ba, sai Talatu da ƙanwarta, ya ce al'ada ce kayan namiji su koma gidan maza. Ya ɗauki keke, ya ɗauki rediyo, har takalmin da kake zuwa sujada da shi. Da ya zo kan jita ya ga wayoyi na reto, sai ya ture ta da ƙafa ya ce, "Wannan gawa ce, matar gawa ta riƙe." A gaban dattawa uku ya faɗa. Suka yi dariya. Dattawa, Bitrus, masu furfura.

Ban yi kuka a gabansu ba. Washegari na tafi kasuwar Kakuri wurin Malam Sale mahauci na ce ya ba ni ƙashin ƙafar saniya. Ya ce, "Maman Talatu, wannan ai ko kare ya raina shi, miya za ki yi?" Na ce miya ce, amma ba ta ci ba ce.

Shekara goma sha tara ina tsince shinkafa a gefenka kana gyaran jitocin mutane, kana zaton ba na gani. Ko sau ɗaya ba ka ce in zo ka nuna mini ba. Cewa kake, "Hannun da ya saba da taɓarya ya bar waya ta huta." Wannan hannun ne ya dafa ƙashin sau uku da toka har maiƙo ya fita, ya shanya shi a kan kwano. Na aro zarton ƙarfe wurin mai walda na yanka, na goga a dutsen da nake wasa wuƙa, ina gwadawa da tsohon na gwangwani har suka zo daidai.

Na farko na ɓata shi, ba zan ɓoye maka ba. Na yi gaggawa, na tsaga gurbin wayoyin da zarton nan. Bakinsa ya yi faɗi, ramin ya yi zurfi, siririyar wayar ta kwanta a kan na farko cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan jitar, tana kuka kamar ƙwaro a kwalba. Na yi jifa da ƙashin har bayan katanga. A nan maganarka ta faɗo mini, "Ƙashi ba miya ba ne, in an rage ba a ƙarawa." Na zage ka a ranar, Allah ya gafarta mini, don ka yi gaskiya kuma ba ka nan.

Na biyu kwana tara na yi a kansa. Manyan gurabe na goga su da tsofaffin wayoyinka masu kauri, kowace waya ta haƙa wurin kwanciyarta. Ƙananan kuwa reza na yi wa haƙora. In goga sau biyu, in ɗaura waya, in danne ta a ƙarfe na uku, in zura takarda a kan na farko. In takardar ta wuce da sauƙi, da saura. In ta shiga tana jan ƙafa, a tsaya. Ramin kuma ya gangara ta wajen kan jitar, yadda nake ganin kana karkata hannu. Yatsuna duk sun sha reza.

Ranar Laraba jita ta yi magana. Na ja wayoyin shida, muryarka ta cika ɗakin. Na zauna a ƙasa na yi kukan da na hana Ishaku gani. Ashe abin da nake fushi da shi, Baban Talatu, shi ne ka tafi ba ka ji ba. Da ka ji, da ka ɗaga gira ka ce waya ta uku ta yi sama kaɗan. Na sani, ta yi sama kaɗan. Tsoron ragewa nake.

Labari ya kai Gonin Gora. Yayanka ya aiko cewa bayan sujadar nan zai biyo gida ya ɗauki jita, wai ɗansa na so, wai tun da tana aiki ta koma kayan maza.

To ya biyo. Ƙashin nan ban sa masa gam ba, ƙarfin wayoyi ne kawai ke danne shi. In ya kawo dattawan nan uku suka ce ba su ji abin da ya faɗa ranar rabo ba, a gaban Allah da Fasto, zan sassauta wayoyi, in zare ƙashina in ɗaure a bakin zane, in miƙa masa gawarsa yadda ya ture ta. In kuwa sun ji, ya zauna in ba shi ruwa ya sha, ya koma gida. Ranar Alhamis ina da zumuntar mata, kuma da jita zan je. Waƙa biyu na iya, satarsu na yi daga yatsunka.

Ubangiji ya ba ka hutu, mijina. Ya huci zuciyata a kanka, don na gaji da riƙe ta da zafi. Ya raya mana 'yan matan nan. Ya ba dattawa ƙarfin faɗin abin da kunnensu ya ji. Amin.

Ni ce matarka,
Rifkatu, Maman Talatu