Fitilar Da Romanus Ya Kashe

Iku, Suleja

Abban Muhsina,

Assalamu alaikum. Ya wahalar horo? Tunda sun karɓe muku wayoyi a sansanin, ga takarda ta hannun direba. Muhsina na gaishe ka. Ni ma lafiya lau, sai nauyin ciki.

Maganar mota ce. Ka bar wa ƙaninka Lukuman makulli don abu ɗaya tak, ranar da naƙuda ta taso ya kai ni asibiti Gwagwalada, tunda likita ya ce wannan karon ma sai an yi min aiki. To, ya kwashe ta ya kai wa wani Romanus mai laftof, an taɓa mata ƙwaƙwalwa, wai don ta ƙara gudu. Yanzu in ya tashe ta, kajin maƙwabta har watsewa suke. Mai kuwa kamar zubar da shi take a ƙasa.

Ranar awo muna hanya na ji ƙauri. Da na yi magana, sai ya nuna min gaban motar wajen sitiyari, wai ai ko fitilar gargaɗi ɗaya ba ta kama ba. Ni ban san mota ba, amma na san ƙauri. Wallahi raina a ɓace yake, kuma ina jin tsoro. Ka yi masa magana, ni ba ya jin tawa.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Rabi'a

Lukuman,

Bayan gaisuwa, da fatan Hajiya tana lafiya. Na samu labarin abin da ka yi. Ban ba ka mota don ka yi tsere da abokanka a titin Abuja ba. Amanar iyalina na ba ka. Waɗanda suka ƙera ta ba mahaukata ba ne da suka sa mata iyaka. Ka koma wurin mutumin nan gobe, ya mayar da ita yadda take. Ba shawara nake ba ka ba.

Ka gaida Hajiya.
Yayanka, Ismail

Unguwar Hashimi, Suleja

Yaya,

Barka da aiki, Hajiya tana amsawa. Don Allah ka kwantar da hankalinka, Anti Rabi'a ce ke da saurin tsorata. Na koma wurin Romanus kamar yadda ka ce. Matsalar ita ce bai ajiye orijinal ɗin tsarin da ke ƙwaƙwalwar motar ba, a kansa ya ɗora sabon. Ya sauko da wani daga intanet, muka gwada, motar ta ƙi tashi sam, dole muka koma kan nasa. Na yi masa masifa, ya ce duk Suleja ba wanda ya taɓa dawo masa da mota sai ni.

Gaskiya ya kashe fitilar nan mai damun mutum, da abin da ke rage mata gudu in inji ya ɗau zafi. Ya ce wannan don masu koyon tuƙi aka yi shi. Yaya, da ka ji yadda take cin hanya yanzu, da kai ma ka yi dariya. Ranar Anti, kafin ta gama salati mun isa. No wahala.

Ƙaninka, Lukuman

Gwagwalada

Abban Muhsina,

Salamu alaikum. Ranar Talata da azahar abin ya taso. A gindin dutsen Zuma inji ya ƙone, hayaƙi ya turnuƙe mu, gaban motar kuwa fes, ba fitila ko ɗaya. Matan da ke sayar da doya a bakin titi ne suka tare min wata mota.

Mun isa a makare. An ciro shi, namiji ne. Yana cikin kwalba, an sa masa robar numfashi a hanci.

Lukuman na nan bakin ƙofa tun ranar, ya aiko nas ta roƙe ni in yafe masa. Na ce ya bari yaron ya yi kuka tukuna.

Ka nemi izini ka taho.
Rabi'a