Ɗan dakon laka ya hwaɗi

Zuwa ga ƙanena Mamman, a Kano.

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina iyali, yaya ciwon ƙahwar nan? Mu nan Dakoro sai godiya. Na hita takaba.

Ka san reluwen Kano da marigayi mijina ya gina a ɗakinshi da laka da kara: jirgin gwangwani, dalar gyaɗa, gidan matsar mai da dogon bututunshi. Duk ɗan dakon da kuka yi aiki tare, mijina ya gina mai kama da shi, da buhu a ka. In labarin mutuwar wani ya zo, sai ya kwantar da nashi. Na mijina kuwa ni na kwantar da hannuna. Naka kaɗai ya rage tsaye.

Shekaranjiya na shiga shara, na iske naka kwance kan hanyar jirgi. Na ce ƙadangare ne, na tashe shi, na tokare da tsakuwa, na ruhe ƙohwa. Jiya ya sake hwaɗuwa.

Ni ba mai camhi ba ce, amma ka aiko amsa ta hannun direban kamiyo, babbar motar kaya, ko kalma guda.

Ka sa mu cikin addu'a. Ka gaida matarka Hajara da yara. In ba ka nan, wanda ya karanta ya gaishe su.

Yayarka, Rabi.