Bindigar Lawali

Yaya Bala,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ya jikin Hajara?

Sai haƙuri, Yaya, ƙanenmu Lawali ya rasu. Ɓarayin daji suka tare shi a gona, hanyar Kaya. Ya ɗaga bindiga, ta ƙi tashi.

Bijimin nomansa ya sayar ya sayo ta a Mafara, wurin surukinsa da bai daɗe da samun lasisi ba. Mutumin da jiya-jiya taki yake sayarwa! Na ce a gwada ta tukuna, Lawali ya ce shi da kunya ya gwada kayan suruki.

Ka gaida yara, ka sa shi a addu'a. Ni ma ka roƙa mini haƙuri, don surukin kullum yana wurin zaman makoki, kuma ni ke miƙa masa ruwa.

Ƙanenka,
Sanusi