Ba Za a Sayar da Uwar Maƙerarka Ba, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Haruna maƙeri, Farin Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ƙara na kawo maka, ko da yake na san takarda ba ta isa inda kake.

Ƙaninka Baffa Sale ya yi wa uwar maƙerarka ciniki da masu sayen tsohon ƙarfe a Gwaram. Wai ba ka bar namiji ba, ni kuma na tafi jami'a ƙirgen taurari, don haka ƙira ta mutu a gidanmu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ka tuna yadda kake goga ƙarfe a dutsen wasa, ni ina riƙe da zuga-zugi? Tartsatsi kawai kake duba, ka san wannan sifirin mota ne, wancan tsohuwar garma ce tun ta kakanka. Kakan ce, "Ƙarfe ba ya ɓoye asalinsa, Hauwa."

To, aikina ke nan, Baba. Hasken garken taurari, wato dubban miliyoyin taurari da ke tare wuri guda, nake dubawa in gane abin da ke cikinsa. Taurarin farko iska ce zalla. Da ikon Allah a cikinsu ƙarfe ya dahu, suka fashe suka watsar da shi, na bayansu suka tashi daga wannan tarkacen. Garken da ya haihu da gaggawa ya tsaya, ƙarfensa kaɗan ne. Wanda ya daɗe yana haihuwa, kaka da jika, shi ke tara ƙarfe. Na faɗa wa Baffa haka, ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce boko ya taɓa ni.

Ya yi ta dariyarsa. Ranar Laraba na ɗauki hayar akori-kura, na je gida, ƙarti uku suka ɗora uwar maƙerar a mota, Inna na tsaye a zaure. Sai da direba ya tayar da mota ta miƙo mini masabarka, gudumar ƙirarka, a naɗe cikin zane. Nan na yi kuka.

Yanzu uwar maƙerar tana ɗakina a Birnin Kudu, kusa da teburin karatu. Baffa ya aiko cewa in mayar. Ba zan mayar ba. Kai ka koya mini duba tartsatsi, ban kuwa daina ba ko rana ɗaya.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Taka,
Hauwa 'yar maƙeri.