Wai Babu Akuyar a Jirgin Nuhu

Malama mai shawara, ki taimake ni, za a ƙwace mini aji. Ban yi boko ba, ɗiyata ce ke rubuta wannan, na kuwa ja mata kunne kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Shekara arba'in da ɗaya ina koyar da yara a makarantar Lahadi, a ɗakin bayan majami'armu mai benci shida da taga ɗaya. Ba na riƙe takarda. Abin da na ji daga bakin fastoci bakwai yana nan cikin kaina, har ranar da aka ɗora rufin majami'ar da wanda ya faɗo daga tsani. Yaro kuwa ba ya zama sai labari ya yi daɗi. Shi ya sa in na zo kan jirgin Nuhu nakan faɗa musu yadda wata akuya ta turje a bakin ƙofa, sai da aka ja ta da igiya, ta shiga ta cinye masa hula. Duk wanda ya taɓa kiwon akuya ya san haka za a yi.

To, sabon fasto, sa'an jikana, ya kawo wa yaran jarrabawa kan jirgin Nuhu. Cikin yara talatin, ashirin da takwas suka rubuta akuya. Biyun da suka rage baƙi ne. Faston ya tara dattawa ya ce a nuna masa ayar da ta ambaci akuyar. Sakataren majami'a, wanda na koyar tun yana yoyon majina, ya ce wannan ai mai sauƙi ce, ya yi ta buɗe shafi har gumi ya jiƙa masa riga. Wani mai kanti cikinsu, shi ma tsohon ɗalibina, ya rantse ya taɓa karantawa da idonsa. Ba su samu ba. Ni dai na ce a duba tsohon bugu.

Yanzu wai a ba wata malamar firamare ajin, ni in koma buga ƙararrawa. Ƙararrawa fa, Malama! Matata kuma, maimakon ta tausaya, wai dama ta daɗe tana zargin akuyar nan. Tun ranar nan, abinci ba ya shiga mini. Lahadi mai zuwa za su yanke magana. In bar musu majami'ar ne, ko in kafe sai an nemo ayar?

Tsohon ɗakin baya

Baba, sannu da ƙoƙari. Na duba har tsohon bugun, babu akuyar. Fasto yana da gaskiya. Iyaye sun ba ikilisiya amanar 'ya'yansu don su san abin da aka rubuta, kuma yaron da ya girma ya gano an ƙara masa gishiri a wuri ɗaya zai fara shakkar sauran. Amma kai ma kana da taka. Ba kowane malami ba ne zai koyar da abu ya zauna a kan mutum har ya yi furfura yana rantsuwa a kai.

Kada ka bar majami'a, kada kuma ka jira Lahadi. Je ka sami fasto tun yau, ƙuruciyarsa ba ta hana a gaishe shi. Ka nemi a raba aikin: malamar ta karanta, kai ka ba da labari, in za ka sa naka ka fara gaya wa yara cewa wannan daga kan Baba ya fito. Sannan ku zauna da ita ku bi sauran labaran ɗaya bayan ɗaya, domin jikina yana ba ni akwai wasu dabbobin. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya bar ka da yaranka.