Na'urar da Ta Ɗauke Ni Aiki a Legas

Zuwa ga Yaya Bushira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara. An samu shiga gonar Kakangi bana, ko har yanzu mutanen daji sun hana?

Ni lafiya lau. Ramar da kika gani a hoto zafin garin nan ne kawai, kada ki nuna wa Inna.

Yaya, na samu aikin tuƙi a wani kamfanin dakon kaya, kuma wallahi ba mutum ne ya yi min intabiyu ba. Na'ura ce, a cikin wayata. Ta ce, "Auta, me ya sa ka daɗe ba ka aiki?" Na ce an ƙone motata ta haya a hanyar Birnin Gwari, amma fasinjoji sun tsira. Na ɗauka nan za ta sallame ni, yadda ake min a ofisoshi. Sai ta ce in ba ta labarin yadda na tsirar da fasinjojina, ta saurare ni har ƙarshe. Ba ta tambayi wa ya turo ni ba.

Amma ita ce ta ƙi ɗaukar Benson, abokin zamana, kuma babu wanda zai je ya roƙa. Ku sa shi a addu'a.

Na san Inna za ta ce a aiko wa wanda ya ɗauke ni zuma. Ki ce ta sha abarta. Na zagaye ofishin nan ina neman wanda zan durƙusa wa in yi godiya, ban samu kowa ba, sai na yi alwala na gode wa Allah.

Ƙanenki,
Auta